Idon Dama na Surukina

Aikina magana ne. A wani gida nake aiki a gefen birnin Lyon, ɗaki ne babba mai rufi kamar an kifa ƙwarya. Da rana tsaka ake kashe fitilu, a haska taurari a jikin rufin, ni kuma in tsaya a tsakiya ina bayani. 'Yan lakwal, wato yaran makaranta, su ne yawancin baƙina, sai iyaye ranar Asabar da Lahadi. Daga Maraɗi na zo karatun sararin samaniya da niyyar in zama babban mai bincike, Allah bai nufa ba, ya nufe ni da wannan, kuma ban raina ba.

Hali ɗaya kowa ya san ni da shi a wurin: ba na iya jin an faɗi kuskure in yi shiru. Na taɓa katse wani malamin makaranta a gaban ɗalibansa don ya ce sanyi na zuwa ne saboda duniya ta yi nisa da rana. Na ce masa a'a, karkacewar duniya ce ke kawo sanyi da zafi, hasali ma a tsakiyar sanyin Faransa ne duniya ta fi kusa da rana. Mutumin ya yi ja har kunne, ni ko a jikina. Matata takan ce bakina ba shi da birki, kuma wata rana sai ya jefa mu rami. To, ramin dai mun faɗa, amma ba ta hanyar da take zato ba.

Mahaifinta Alhaji ne, mutumin Damagaram, ya daɗe a Paris tun kafin a haife ta. Yana da butik, wato kanti, a unguwar Goutte d'Or, yana sayar da shadda da atamfa da turare, a saman butik ɗin kuma gidansu. Dogo ne, mai son raha, mai son a taru a gabansa. Idonsa na hagu ya mutu tun yana saurayi, ƙaya ce ta soke shi a gona, don haka duk duniyarsa da idon dama yake ganinta. Da shi yake auna yadi, da shi yake karatun Alƙur'ani bayan asuba, da shi yake gane fuskar mutum tun daga bakin titi ya kira shi da sunan garinsu.

Ni kuwa a gabansa ba ni da baki. Haka aka rene ni. A gidanmu suruki ba abokin hira ba ne: ba ka cin abinci a gabansa, ba ka ɗaga ido ka dube shi, ba ka zama a kujera yana kujera, balle ya faɗi magana ka ce ba haka ba ne. Ranar da na fara zuwa gaishe shi a butik, na tuɓe takalmi a bakin ƙofa na durƙusa a kan siminti, Turawa na wucewa suna kallona. Matata, haihuwar Paris, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wannan duk wahalar da kai ce, Baba ba ya cizo. Amma na lura Alhaji ya ji daɗi, kuma daga baya na ji ya ce wa abokansa ya yi sa'ar suruki mai kunya. Tun daga nan na ƙara ƙaimi. Shi ma ba ya kiran sunana, Malam yake ce mini, in ba na wurin kuma Malam na Lyon.

Muna da gurup a waya, mu 'yan Nijar da ke Faransa, 'yan kasuwa da ɗalibai da ma'aikata. Sanarwar suna da rasuwa da neman mai tafiya gida, shi ke nan abin da ake yi a ciki. Wata shekara azumi ya faɗo a tsakiyar bazarar nan, rana ta ƙi faɗuwa, mutane suka yi ta ƙorafi, sai na rubuta ɗan bayani da Hausa kan abin da ya sa yini ke yin tsawo a nan, a gida kuwa kusan kullum daidai yake. Ban yi zaton wani zai karanta ba. Ashe na buɗe wa kaina aiki, don daga ranar tambayoyi suka fara zuwa, ni kuma na ji daɗin rubutun fiye da aikin da ake biyana.

Babu wanda ya kai Alhaji son rubutun nan. Sai dai bai taɓa tambayata kai tsaye ba. Zai kira 'yarsa, su gama gaisuwa, sannan ya ce ta tambayar masa Malam abu kaza. Ni kuma in zauna in rubuta amsa a gurup kamar wani ne can ya tambaya. Wallahi tambayoyinsa sun fi na kowa. Shi ne ya ce, me ya sa jinjirin wata a Damagaram kwance yake kamar akushi, amma a Paris yawanci a tsaye yake kamar lauje, ko ba wata ɗaya ba ne? Na yi shekaru a ɗakin taurari, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na rubuta cewa wata ba shi da haske nasa, rana ke haska shi, kuma gefen da ke fuskantar rana shi ke yin fari. A gida rana kan gangara ne kai tsaye ta faɗi, sai ta haska watan daga ƙasa, ya zama akushi. A nan kuwa a karkace take sauka, sai hasken ya zo masa daga gefe, ya miƙe tsaye. Matata ta ce ranar Baba bai bar kowa ya sayi yadi cikin natsuwa ba, duk wanda ya shigo sai ya ji labarin wata.

Haka yake yi. Ya karanta rubutuna da ƙarfi a butik, abokansa na zaune suna shan shayi, sannan ya ƙara nasa sharhi. A nan ne nake shan wuya in mun zo Paris. Wata rana ina rakuɓe a lungu kusa da ƙofa, na ji shi da kunnena yana gaya wa jama'a cewa sanyin ƙasar nan ai don rana ta yi nisa ne. Maganar da na kunyata malamin makaranta a kanta, ita ce dai sak. Ya juyo wajena ya ce, ko ba haka ba, Malam? Na sunkuyar da kai na ce haka ne, Baba. Na fito ina jin haushin kaina, amma na ce ai ba abin da zai ragu a jikin rana don Alhaji ya matsar da ita.

Sai ga husufin rana ya zo. A wurin aiki mun san da shi tun da daɗewa, don lissafinsa ba ya kuskure: ranar Asabar ce da hantsi, a ƙarshen azumi, jajibirin Salla. Ba babba ba ne, gefen rana kawai wata zai rufe, kamar an gutsuri waina. Na zauna na rubuta bayani mai kyau. Na ce husufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen wata, lokacin da wata ya ratsa tsakaninmu da rana, inuwarsa ta faɗo a kanmu. Na ce ba kowane wata ake yi ba saboda hanyar wata ta ɗan karkace, yawanci sai ya wuce ta sama ko ta ƙasa. Sannan na rubuta gargaɗi, sakin layi guda cikakke. Na ce kada kowa ya dubi rana sai da tabarau na musamman da aka yi don haka. Na jero abubuwan da mutane ke yaudarar kansu da su: baƙin tabarau na kwalliya, gilashin da aka turara da hayaƙi, ruwa a cikin kwano, da baƙin hoton nan na ƙashi da ake ba mutum a likita, wanda muke cewa radiyo. Na bayyana cewa ido na tara haske wuri ɗaya kamar gilashin da yara ke ƙona takarda da shi, kuma can cikin ido ba a jin zafi, sai ya ƙone mutum bai sani ba. Radiyo kuwa ya fi muni, don yana rage hasken da ke sa mutum ya runtse, ido ya buɗe sosai, abin da ke ƙonewar kuma ya wuce abinsa.

Ban aika ba, na bari sai da safe in sake dubawa. Da safe na tarar wani ya riga ya sa labarin husufin a gurup, kuma Alhaji ya amsa da murya, doguwa, cikin nishaɗi. Ya ba da labarin babban husufin da ya taɓa riskarsa a gida, yadda gari ya yi duhu da rana tsaka, kaji suka koma akurki, mata suka fito suna salati. Ya ce shi ne ya ɗauko radiyon ƙirjin wansa, ya yayyanka da almakashi, ya raba wa unguwa, kowa ya ga ikon Allah da idonsa. Ya ce duk mai radiyo a gida ya nemo shi ya ajiye. A ƙasan muryar amsoshi sun yi layi: Allah ya ƙara basira, Alhaji. Allah ya bar mana manya.

Na riƙe waya ina kallon gargaɗina. In na aika shi yadda yake, na ƙaryata surukina ke nan a bainar jama'a, a gaban abokansa da yaran da ya girme wa iyayensu, ni da ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Na goge radiyo daga jerin. Na sake karantawa, na ga bayanin ƙonewar ma kamar martani ne gare shi, shi ma na goge. Abin da ya rage layi ɗaya ne, cewa an fi so a yi amfani da tabarau na musamman, kuma zan kawo su Paris kyauta. An fi so! Ni da hannuna na rubuta haka, na kuma aika.

Amma ban kwana da abin ba. Na bi 'yan gurup ɗaya bayan ɗaya, wanda zan kira na kira, wanda zan rubuta wa na rubuta, na gaya musu gaskiya tsirara: radiyo na makanta mutum, kada su kuskura. Na roƙe su kada su yi maganar a gurup, don girman Alhaji. Kowa ya ce ai haka ya dace, Allah ya yi albarka. Kafin sati ya ƙare, babu ɗan Nijar da na sani a Faransa da ban gargaɗa ba, sai mutum ɗaya, mai ido ɗaya.

Shi na bi masa ta hanyar da aka saba. Na ce wa matata ta gaya wa Baba. Ta ce in gaya masa da kaina, ai ni ne masanin, kuma ni yake ji. Na ce haba, ta yaya? Muka yi ta ja har ta gaji, ta ce to. Ita kuma ta san in ta faɗa masa zai ce yaushe aka haife ta, sai ta gaya wa mahaifiyarta. Hajiya ta same shi bayan shan ruwa, ta ce yaran nan sun ce ya riƙa kula da idonsa ranar husufi. Ya ce Allah ya yi musu albarka, ai da ma yana kula. Saƙo ya dawo mini cewa an gaya wa Baba. Ban tambayi me aka gaya masa ba, don ba na son in sani.

Muka shiga jirgin ƙasa ranar Juma'a, da kayan Salla da kwali guda cike da tabarau na takarda. Da safen Asabar na sauko butik, na durƙusa na gaishe shi, na tura kwalin gabansa na ce ga wannan, na kallon rana ne. Ya yi murna ƙwarai. Nan take ya fara rabo, abokansa, maƙwabta, mai sayar da waya na kusa, wata Balarabiya da ta shigo sayen turare, kowa ya samu. Ina kallo kwalin na ƙarewa. Na yi sauri na zare ɗaya na sa a aljihu. Da ya gama ya kakkaɓe hannu ya ce shi yana da nasa, ya jawo babban ambulan daga ƙarƙashin kanta, ya zaro radiyon gwiwarsa da aka yi masa bara.

Mata suna sama suna aikin Salla, ƙamshin soye-soye na saukowa ta matakala, mu kuma muka fita. Titin butik ɗin matsattse ne, ba a ganin rana, sai muka gangara wajen gadar jirgin metro ta unguwar Barbès inda sama ta buɗe. Kasuwa ta cika maƙil, 'yan sayayyar Salla na ture juna. Muka sami gefe muka tsaya, Alhaji a gaba, abokansa kewaye da shi, kowa da tabarau na takarda a fuska kamar 'yan wasa. Na duba agogo, na sa nawa, na ga wata ya fara cin gefen rana daga sama.

Alhaji ya ɗaga radiyon, ya ninka shi biyu, ya kai idon dama.

Na yi gyaran murya. Na matso bayansa na ce, Baba. Ya ce na'am, Malam, bai sauke hannu ba. Ya ce tabarakallah, ga shi nan kuwa, an gutsure ta. Sai ya shiga bayani, da kalmomina, yadda wata ya ratsa tsakani, yadda hanyarsa ta karkace, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya ce, Malam, na fahimta ko? Na ce sosai, Baba.

Na dubi abokansa. Duk sun san abin da na sani, ni na gaya musu. Wani ya ɗaga tabarau ya yi mini alama da ido, wai in yi magana. Ni ma na yi masa alama, wai shi ya yi, ai sa'ansa ne. Ya kau da kai. Kowa na jirana ni surukin, ni kuma ina jiran kowa.

Na cire tabarau na miƙa da hannu biyu na ce, Baba, ko za a gwada wannan, an ce ya fi nunawa. An ce! Kamar ba ni ne mai cewar ba. Ya karɓa don ya faranta mini, ya sa, ya ce kai, wannan ai duhu ne, rana ta koma ɗan lemo. Ya mayar mini, ya ce in ba masu ƙuruciya, nasa ya fi fito da ita. Ya sake ɗaga radiyon.

A wurin aiki na taɓa daka wa wani Bature tsawa a filin kallo, don ya ɗaga tabarau daga fuskar 'yarsa zai ɗauke ta hoto. Har shugabana ya ce in riƙa sassautawa. Amma ga ni a Barbès, tsayin hannu ɗaya tsakanina da Alhaji, kalmomi huɗu kawai ake bukata, Baba, sauke, zai makanta, kuma ban furta su ba. Na yi tunanin in kama hannunsa, sai na ga hular kansa, na ga jama'a, na ga yadda za a ce Malam na Lyon ya fizge abu a hannun surukinsa a tsakiyar kasuwa. Na ce a raina bari gajimare ya zo. Gajimare ya zo ya wuce, ya sake ɗagawa. Yana saukewa ya yi hira, ya sake ɗagawa, har abin ya ƙare. Ranar wanka ce, ni kuwa na tsaya ɓoyon cibi.

Da muka juyo yana ta murza ido yana dariya, ya ce rana ta bar masa tambari. Na ce zai wuce, insha Allahu. Na san wani lokaci yakan wuce, na kama wannan na riƙe.

Ranar Salla na fara gani. A masallaci wani tsohon abokinsa ya tsaya a gabansa yana murmushi, Alhaji bai gane shi ba sai da ya yi magana. Da yamma jikoki suka kawo masa waya su nuna masa hoto, ya riƙe ta nesa, ya kawo kusa, ya karkata kai gefe, sannan ya ce masha Allah ya mayar. Bai ce wa kowa komai ba. Ni ma ban ce ba, na ci naman Salla a ɗakin baya kamar ina tauna tsumma.

Muka koma Lyon. Gurup ya yi shiru daga wajensa, babu murya, babu tambaya ta hannun 'yarsa. Bayan kwanaki Hajiya ta kira tana kuka. Ta ce Alhaji ya daina karatun asuba, ya ce duk harafin da ya duba sai wani abu kamar ƙuda ya zauna a kansa, gefe yana gani, tsakiya babu. Ta ce jiya ya yanka wa wata mata shadda a karkace, abin da bai taɓa yi ba.

Matata ta ajiye waya ta dube ni. Na gaya mata duka, har da layin da na goge, har da mutanen da na kira a ɓoye, har da tsayuwata a bayansa. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce, da Faransanci, don in ranta ya ɓaci Hausa ba ta isarta, cewa ta ɗauka ladabi nake yi wa ubanta, ashe kaina nake yi wa. Sannan ta ce da Hausa:

"Kunyarka ta ci idon Baba."

Na buɗe baki in ce ita ma ai ba ta gaya masa ba, sai na rufe. Ita ba ta san yadda ido ke ƙonewa ba, ni na sani, kuma ni ke tsaye a wurin.

A Paris ba a sami randebu, wato ranar ganin likita, da wuri ba, a Lyon kuwa wata abokiyar aikinta ta samo mana wajen wata likitar ido. Dole Alhaji ya zo, dole kuma ya kwana a gidana, abin da ya yi shekaru yana kauce wa. Na tarye shi a tasha. Ya sauko daga jirgi a hankali, yana laluben matakala da ƙafa, mutumin da ke tsallake titin Barbès ba ya duba mota. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Maraɗi. Bai ambaci ido ba. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi.

Ranar randebu matata ba ta sami fita daga aiki ba, ni na raka shi. Faransancinsa na kasuwa ne, ya ishe shi ciniki da faɗa da 'yan kwastan, amma gaban likita ya fi son a fassara masa, kada kalma ta wuce shi. Da ma duk inda muka shiga tare, ko wajen mai sayar da burodi ne, sai ya sanar da mutane cewa surukinsa masanin taurari ne. Ranar bai ce komai ba. Likitar ta tambaya ko ni ɗansa ne, ya ce mijin 'yarsa, ya tsaya nan.

Ta ɗiga masa magani, ta sa haɓarsa a kan na'ura, ta ɗauki hoton cikin idon. Ta juyo da allon ta nuna mini wani ɗan tabo a tsakiya, bai kai ƙwayar gero ba, ta ce nan ne wurin da mutum ke karatu da gane fuska. Ta ce ba aikin da za a yi, ba maganin da za a sha. Wasu yakan ragu cikin watanni, wasu ya zauna, ba za ta yi alkawari ba. Na fassara masa. Ya ce alhamdu lillahi.

Ta tambayi da me ya kalli ranar. Ya faɗa, na fassara. Ta girgiza kai ta ce radiyo ba ya tare komai, duk wanda ya san harkar ya san haka, shi ne abu na farko da ake hana mutane. Wannan ma sai da na juya shi zuwa Hausa, da bakina, kalma bayan kalma. Ban dubi Alhaji ba, amma na san ya haɗa lissafi: kwalin tabarau, saƙon Hajiya, gyaran muryata a bayansa, abokansa da ba wanda ya taɓa radiyo a cikinsu.

Likitar ta ajiye biro, ranta ya ɗan ɓaci. Ta ce mutum mai ido ɗaya, a ce duk danginsa ba wanda ya gargaɗe shi? Ta ce in tambaye shi. Na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Na ce, Baba, ta ce wai babu wanda ya gaya maka?

Ya gyara zaman babbar rigarsa a kafaɗa, ya fuskanci wajen da muryarta take.

"Ka ce mata an gaya mini. Ka ce surukina ya hana ni, ya yi ta hana ni, har tabarau ya kawo mini tun daga Lyon. Taurin kai ne irin namu na tsofaffi."

Na ce, Baba.

"Faɗa mata, Malam."

Na faɗa mata. Na ce an gargaɗe shi, ni na gargaɗe shi, shi ne bai ji ba. Alhaji na jin Faransancin da ya isa ya san ban rage komai ba, yana gyaɗa kai a kan kowace kalma. Fuskar likitar ta yi laushi. Ta dafa hannuna ta ce kada in zargi kaina, na yi iyakar ƙoƙarina, nata mahaifin ma haka yake, ba ya jin magana. Ta jira in fassara masa wannan ma, ni kuma na fassara.